Ƙaddara Ce, Amma Wa Zai Amsa?

'Yan'uwa, idan mota ko jirgin ƙasa ya kashe namu, mukan ce ƙaddara ce, a ba mu gawa mu rufe kafin Magariba. Gaskiya ne, jira a LASUTH akwai ciwo. To amma Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta ɗora diyya da kaffara kan kisan kuskure, kenan sai an san mai sakacin. Dokar Legas ta 2007 ma ta ce a binciki irin wannan mutuwa. Ranar 9 ga Maris 2023 jirgi ya take bas a PWD, Ikeja, kuma layin nan ne ya ratsa Agege, inda yaranmu ke kasa kaya. In mun karɓe gawa ba takardar likita, marayun da me za su je kotu?