Gayyatar da Ba a Iya Ƙi

A shekara ta 2011 wani kamfanin ba da shawara a birnin Paris, mai suna Cubik Partners, ya ɗauki wani mutum aiki. Jaridu ba su bayyana sunansa ba, harafin T kaɗai suka riƙa kiransa da shi. Aikinsa ya yi kyau, har a 2014 aka ƙara masa girma ya zama darakta. Amma a watan Maris na 2015 aka sallame shi. Cikin laifofin da aka lasafta masa akwai taurin kai, da rashin sauraron na ƙasa da shi, da kaushin harshe. Akwai kuma wani laifi dabam, wato bai rungumi al'adar kamfanin ta haɗa aiki da shagali ba. Kamfanin yakan shirya tarurruka da shaye-shaye na ƙarshen mako, inda akan sha giya fiye da kima, shugabanni ne kuwa suke kawo ta. Akan yi wasannin banza na ƙasƙanci, a laƙaba wa mutane sunayen ba'a, har a sa ma'aikaci ya kwana gado ɗaya da abokin aikinsa. Mutumin nan ya janye jikinsa daga waɗannan abubuwa.

Ya kai ƙara. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta ƙi soke korarsa. Amma ran 9 ga Nuwamba 2022 kotun ƙoli ta Faransa ta ce ƙin da ya yi yana cikin 'yancinsa na faɗin ra'ayi, ba shi yiwuwa kuwa a kori mutum saboda ya yi amfani da wannan 'yanci. Aka mayar da shari'ar baya, a Janairu 2024 aka umarci kamfanin ya mai da shi bakin aikinsa, ya kuma biya shi kuɗi kusan Yuro dubu 500. Shekara tara ke nan tsakanin kora da hukunci.

Alƙalai sun gama nasu, amma tambayar da ke ƙarƙashin shari'ar ta fi ƙarfin kotu, gama ta shafi kowane mai cin albashi, ko a Paris yake ko a Maraɗi. Sa'ad da mutum ya sa hannu a takardar aiki, me ya sayar? Ya sayar da ƙarfinsa da gwanintarsa na waɗansu sa'o'i, wannan ba gardama. To, dariyarsa fa? Maraicensa fa, da ranar hutunsa? Ashe, mai biyan albashi yana da iko ya ce wa ma'aikaci, zo ka yi murna?

Ya kamata a fara da ba mai gidan aiki gaskiyarsa. Mutane ba injuna ba ne. Waɗanda suka ci tuwo a akushi ɗaya sukan fi haƙuri da juna a ranar da aiki ya cakuɗe. Sabon ma'aikaci da yake jin tsoron buɗe baki a ofis yakan sami sakewa a wurin walima, ya san wanda zai tambaya in ya rasa hanya. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, wato wanda ba ya zuwa wurin mutane kada ya yi mamaki in ba a zo wurinsa ba. Shugaban da ya tara ma'aikatansa domin su ci, su sha, su san juna, bai yi mugunta ba. Sau da yawa ma da kyakkyawar zuciya ya yi. Wurin aikin da ba a gaisawa, ba a zuwa sunan ɗan abokin aiki, ba a taya mai makoki kuka, wuri ne mai sanyi wanda ba mai so ya tsufa a cikinsa.

Duk da haka akwai bambanci tsakanin gayyata da umarni, bambancin kuwa abu ɗaya ne tak. Gayyata ana iya ƙinta a kwana lafiya. In maƙwabci ya kira mutum biki bai je ba, iyakar abin da zai faru shi ne ɗan ɓacin rai, wanda gaisuwa da ban haƙuri suke wankewa. Amma in wanda ya kira shi ne mai riƙe da alƙalamin ƙarin girma, da na canjin wurin aiki, da na sallama, to, kalmar nan "in kana so" ta rasa nauyinta. Ma'aikaci ya san akwai idon da yake ƙirga waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba. Saboda haka yakan je, ya zauna, ya yi yaƙe a madadin dariya, yana duban agogo a ɓoye.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Littafin Esta ya ba da labarin biki da sarki Ahasurus ya yi a Shushan, na kwana bakwai. An kafa doka a bikin cewa ba za a tilasta wa kowa sha ba, kowa ya yi yadda ya ga dama. Doka ce mai kyau. Amma a rana ta bakwai, da ruwan inabi ya kama sarki, sai ya aika a kawo sarauniya Bashti domin a nuna kyanta ga baƙi. Ta ƙi zuwa, aka tuɓe ta daga sarauta. A biki ɗaya aka yi shelar babu tilas, a bikin nan kuma aka hukunta wadda ta ce a'a. Ashe, ba shela ce take nuna ko akwai 'yanci ba. Abin da ya sami wanda ya ƙi, shi yake nunawa.

Kowace ƙasa da irin nata. A Japan ma'aikata sukan fita shan giya da shugabansu bayan an tashi aiki, suna kiran wannan nomikai, a watan Disamba kuma akwai bonenkai, wato walimar mantawa da wahalar shekara. A Koriya ta Kudu akwai hoesik, cin abincin dare na ma'aikata wanda ƙarami yake jin nauyin tashi kafin babba. A watan Yuli 2019 ƙasar ta fara aiki da dokar da ta hana musguna wa ma'aikaci a wurin aiki, tilasta wa mutum sha kuwa yana cikin abubuwan da mutane suka daɗe suna kuka da su. Ba a kafa doka a kan abin da ba ya ciwo.

Me ya sa mutum zai ƙi abin da aka shirya domin jin daɗinsa? Dalilai suna da yawa, ba kowanne ne ake iya faɗa a bainar jama'a ba. Wani lamirinsa ne bai yarda da giya ba, ko da irin maganganun da akan yi in an sha. Wani ya taɓa zama bawan kwalba, da ƙyar ya kuɓuta, ya san kuwa ƙafarsa ba za ta tsaya a bakin wannan rami ba. Wata tana da yara ƙanana da tsohuwar uwa a gida, sa'a biyu na maraice su ne dukan abin da take da shi domin su. Wani kuwa taron jama'a ne yake tayar masa da ciwo. A jihar Kentaki ta Amurka, a watan Agusta 2019, wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje mai fama da ciwon fargaba ya roƙa kada a yi masa walimar ranar haihuwa. Aka manta da roƙonsa, aka yi. Ciwon ya tashi, ya gudu ya zauna cikin motarsa. Kashegari aka tsare shi da faɗa a kan abin da ya yi, ciwon ya sāke tashi, bayan 'yan kwanaki aka sallame shi. Kamfanin ya ce tsoron lafiyar sauran ma'aikata ne ya sa. A 2022 masu taya alƙali yanke hukunci suka ba shi gaskiya, suka ce a biya shi dala dubu 450. Waɗanda suka sayo masa abin walima ba maƙiyansa ba ne. Sun dai ɗauka abin da yake musu daɗi dole ya yi wa kowa daɗi.

A ofisoshin ƙasashen nan nauyin ya fi zuwa ta hanyar aljihu. Takarda takan zaga daga tebur zuwa tebur, kowa ya rubuta sunansa da abin da ya bayar, domin bikin 'yar shugaba, ko walimar ban kwana, ko shagalin ƙarshen shekara. Akan fitar da anko na ranar ma'aikata, 1 ga Mayu, da na ranar mata ta duniya, 8 ga Maris. A Nijar akwai kuma 13 ga Mayu, ranar tunawa da matan da suka yi maci a Yamai a 1991 suna neman a ƙara musu kujeru cikin shirin babban taron ƙasa. Rana ce mai daraja. Amma mai sharar ofis da darakta kuɗin zane ɗaya ake nema a wurinsu, ga kuma kuɗin ɗinki. Jaka biyar da darakta ba zai ji fitarta ba, ita ce hatsin kwanaki a gidan mai shara. Takan ci bashi ta saya, domin kada a ga ita kaɗai ce dabam a cikin hoto. Ba wanda ya ce mata tilas. Kunya ce ta yi aikin da bulala take yi.

A nan ne cutar take, gama tilas tana ɓata abin da aka shirya bikin dominsa. An tara mutane domin su ƙaunaci juna, sai su koma gida da ƙullin zuciya. Ana iya umartar mutum ya zo da ƙarfe bakwai, a kuma duba ko ya zo. Ƙauna ba ta shiga rajista. Shugaban da ya cika zaure da mutanen da tsoro ya kawo ya ruɗi kansa, yana tsammani yana da masoya alhali kuwa yana da masu jiran a sallame su. Ya kuma koya wa ma'aikatansa riya, wato su nuna a fuska abin da ba ya cikin zuciya. Wanda ya saba yi wa shugabansa dariyar ƙarya da dare, da wuya ya faɗa masa gaskiya mai ɗaci da safe.

Amma mai ƙi shi ma yana da nasa hakki a wuyansa, kada ya ɗauka hukuncin Paris ya wanke shi daga kome. Akwai ƙi na lamiri, akwai kuma ƙi na girmankai, su biyun sukan sa riga iri ɗaya. Mutumin da ya ƙi zuwa wurin shaye-shaye ya yi daidai. In kuwa ya mai da ƙinsa abin fariya, yana duban abokan aikinsa kamar ƙazamai, ya fāɗa cikin rami mai zurfi fiye da wanda ya guje wa. Haka kuma dole a rarrabe shagali da bukata. Rawa da kiɗa na ƙarshen shekara abu ne da mutum zai iya bari. Amma abokin aiki da yake kwance a asibiti, ko wanda ya binne ɗansa jiya, ba shagali yake kira ba. Wanda ya ce wannan ba ya cikin takardar aikinsa ya faɗi gaskiya, gama ba kamfani ne ya ɗora masa ba. Zamansa mutum ne ya ɗora masa, ba kotun da za ta sauke masa.

Saboda haka mai ƙi ya ƙi da ladabi. Ya gode wa wanda ya gayyace shi, ya faɗi a'a ɗinsa a fili, kada ya ƙaga ciwon ƙarya ko tafiyar da ba zai yi ba. Ba lalle ne ya tone dukan dalilinsa ba, gama asirin gidansa nasa ne. Sa'an nan ya biya zumunci ta wata hanya. Ya zama shi ne mai fara gaisuwa, mai riƙe wa abokinsa aiki ranar da ɗansa ba lafiya, mai zuwa gaisuwar mutuwa tun ba a kira shi ba. Mutumin da aka san shi da wannan, in ba a gan shi wurin rawa ba, ba mai cewa ya raina mutane.

Nauyi mafi girma kuwa yana kan mai iko, gama shi ne yake iya sa a'a ta yi tsada ko ta yi araha. In taron na aiki ne, a yi shi cikin sa'o'in aiki, a kira shi da sunansa. In na nishaɗi ne, kada a ɗauki sunayen waɗanda suka zo. Gudummawa a sa ta cikin ambulan a rufe, kada a rubuta adadi kusa da sunan kowa. A tanadi abin sha da kowa zai iya sha, kada a tambayi mai riƙe da kwalbar lemo dalilinsa. Kada kuma a yanke shawarar aiki a wurin da ba kowa ne yake iya zuwa ba, domin in a teburin giya ake raba muƙamai, an riga an rufe ƙofa ga uwar yara da mai lamiri. Shugaba ya tashi da wuri wani lokaci, domin na ƙasa su sami hanyar tashi.

Mai son ya san ko bikin ofishinsu gayyata ce ko umarni, ba sai ya je wurin bikin ba. Ya zo kashegari da safe, ya tsaya ya ga yadda za a gai da wanda bai zo ba. In an tarye shi kamar kullum, aka tambaye shi lafiyar gida, aka ajiye masa ɗan abin da ya ragu, to, waɗanda suka je sun je ne da son ransu, murnarsu kuma ta gaske ce. In kuwa shugaba ya amsa gaisuwarsa a daƙile, abokan aiki suka bi shi da habaici, to, kowa a ofishin ya ga farashin ƙi, walima ta gaba za ta cika maƙil, ba kuwa domin ƙauna ba.