Zaɓi Kafin a Ga Ƙarshe: Tsokaci a Kan Wasan Kwamfuta da Ba a Kammala Ba

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Abin nufi shi ne, hukunci a kan mutum ko a kan aikinsa yakan jira ƙarshe. To, ina matsayin aikin da aka aikata shi a cikin labarin da shi kansa bai kai ƙarshe ba? Wannan ita ce tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin tattaunawa. Za mu ɗauko misalanmu daga wani fage da manazarta adabi ba su cika leƙawa ba, wato wasannin kwamfuta na labari waɗanda mutum ɗaya ko 'yan tsirarun mutane kan ƙaga ba tare da jingina da babban kamfani ba. A irin wannan wasa mai wasa shi ke ɗaukar matsayin tauraron labari, kuma abin da ya zaɓa shi ke karkatar da akalar labarin zuwa wannan reshe ko wancan.

Wasannin da Muke Magana a Kansu

A shekarar 2013 wani matashi Ba'amurke mai suna Toby Fox ya nemi gudummawar dala 5,000 a dandalin Kickstarter domin ya ƙera wasa, sai jama'a suka tara masa sama da dala 51,000. Wasan, mai suna Undertale, ya fito a 2015. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne, mai wasa yana iya ratsa labarin baki ɗaya bai kashe kowa ba, yana kuma iya karkashe duk wanda ya tarar. Bugu da ƙari, wasan ba ya mantuwa: wanda ya bi hanyar kisa har ƙarshe, ko da ya sake sabon lale ya bi hanyar sulhu, zai tarar an gurɓata masa kyakkyawan ƙarshen.

Daga nan Fox ya shiga wani aikin, Deltarune, wanda ya tsara shi babi bakwai. Babi na ɗaya ya fito a Oktoba 2018, na biyu a Satumba 2021, na uku da na huɗu a Yuni 2025. Ya zuwa ƙarshen 2025 ke nan, babi huɗu kaɗai ke hannun jama'a. A babi na biyu akwai wata ɓoyayyiyar hanya inda mai wasa, ta hannun tauraro Kris, yake matsa wa wata yarinya mai sanyin hali, Noelle, lamba har ta riƙa daskarar da abokan gaba da tsafin ƙanƙara, daga bisani ta juya shi a kan ɗan ajinsu Berdly, wanda babin ke ƙarewa bai farka ba. Wanda ya aikata haka a 2021 sai da ya jira kusan shekara huɗu kafin ya fara ganin abin da ya shuka, kuma ko a lokacin ba a nuna masa girbin duka ba.

Niyya ko Sakamako?

Hirodotas, marubucin tarihi na Girka, ya kawo labarin yadda mai hikima Solon ya ƙi kiran sarki Krosus mai sa'a tun yana raye, domin ba a san yadda zai ƙare ba. A 1976 kuma masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, suka tayar da muhawara a kan rawar da sa'a ke takawa a hukuncin ɗabi'a. Alal misali, direbobi biyu sun yi sakaci iri ɗaya da birkin mota. Ɗaya yaro ya gitta masa ya take shi, ɗayan ya isa gida lafiya. Sakacinsu ɗaya ne, amma jama'a ba za su dube su da ido ɗaya ba. Ashe ke nan mukan bar sakamako, wanda ba ya hannun mutum, ya yanke hukunci a kan mutum.

A nan ne wasan da ba a kammala ba yake da abin koyarwa. Idan wasa ya kammala, kowane reshe an riga an bi shi an rubuta inda ya kai. Mai wasa yana iya bincikawa ya ga cewa yafe wa wane zai kai shi ga ƙarshe mai daɗi, sai ya yafe. Wannan yafiya ta fi kama da ciniki, domin an san farashi an san riba. Amma a wasan da marubucinsa bai gama rubutawa ba, babu inda za a leƙa. Wanda ya ƙi tura Noelle ga ɓarna ya ƙi ne bai san ko za a saka masa ba. Hasali ma Fox ya bayyana cewa ƙarshe ɗaya ya tanadar wa Deltarune, wanda ke nufin mai yiwuwa kirki da mugunta su tarar da ƙofa ɗaya. Abin da ya rage wa irin wannan mai wasa shi ne dalilinsa kawai: bai ga ya dace a yi wa mai rauni haka ba. A ganinmu, wannan shi ne yanayin da kowane ɗan Adam yake yin zaɓi a cikinsa, domin babu wanda ya taɓa karanta babin ƙarshe na rayuwarsa kafin ya yanke shawarar yau.

Faɗa Bisa Kiɗa

Akwai wani ɓangare da ke ƙara wa tambayar nauyi, wato wasannin da ake gwabza faɗa a cikinsu bisa bugun kiɗa. Tun a 2006 wasan Mother 3 na ƙasar Japan ya ba mai wasa damar jera duka har 16 in ya dace da bugun waƙar da ke tashi. Babi na uku na Deltarune ma yana da fagen da sai an bi kiɗa ake cin nasara. Amma misali mafi fitowa fili shi ne Everhood na 2021. A cikinsa hare-haren abokin gaba suna gangarowa ta layuka biyar daidai da sautin waƙarsa, tauraron kuwa, wata 'yar tsanar katako da aka sace wa hannu, ba ta da abin yi illa kaucewa da tsalle. Can a tsakiyar labari sai hannun ya dawo, a kuma nemi ta kashe mazauna wannan duniya, waɗanda ba sa mutuwa kuma zaman har abada ya gundure su. Layukan ba su sauya ba, kuma gwanintar da aka koya wajen kaucewa ita ce ake kisa da ita.

Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san ƙarfin wannan al'amari. Idan makaɗi irin su Ɗan Anace ya saki taken ɗan dambe kamar Shago, jiki kan riga tunani motsawa. Haka yake ga mai wasa: tsakanin bugu da bugu babu sararin yin shawara, yatsa kawai ke amsawa. Shin za mu ce laifin na makaɗi ne? Aristotal ya riga ya ba da amsa inda ya nuna cewa hali yana ginuwa ne ta hanyar maimaita aiki, kuma mutum yana da alhakin abin da ya saba wa kansa. Bisa ga wannan, zaɓin gaskiya yana faruwa ne kafin a fara kiɗa, lokacin da mutum ya yarda ya shiga fili, da kuma bayan an tsaya, lokacin da zai iya ajiye abin wasan ya ce ya isa. Haɗarin kiɗa shi ne yakan sa mummunan aiki ya yi daɗin yi, har mai yi ya manta ya tambayi kansa dalili.

Ai Wasa Ne

Wani zai ce duk wannan dogon Turanci ne a kan abin da bai taka kara ya karya ba, tunda babu ran da ya fita. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce wanda ya bi hanyar ƙanƙara ya zama mai kisan kai ba, kamar yadda ɗan wasan kwaikwayo da ya fito a mugu bai zama mugu ba. Mutane da yawa sukan bi mummunan reshe ne don son ganin iyakar labari, kuma wannan ɗabi'a ce ta kowane mai karatu. Sai dai akwai bambanci guda. Mai karanta littafi yana kallon mugunta ne daga gefe, alhali mai wasa shi ke danna maɓallin sau bayan sau yayin da yarinyar ke nuna ba ta so. Abin da ya samu a nan ilmi ne game da kansa: ya ga iya nisan da son sani zai iya jan sa idan ya tabbata babu mai hukunta shi. Irin wannan ilmi ba abin rainawa ba ne.

Nauyin da ke Kan Maƙagi

Alkawari kaya ne. Charles Dickens ya rasu a 1870 ya bar labarin Edwin Drood a kashi shida cikin sha biyu da ya tsara, kuma masu karatu suka rasa amsar wani sirri. Wanda ya bar wasa mai rassa a tsakiya ya fi haka ɗaukar bashi, domin ya gayyaci mutane su aikata, ya yi musu alkawarin hukunci, sannan ya bar su a tsaye. Saboda haka wajibi ne maƙagi ya faɗi gaskiya a kan inda aikinsa ya tsaya, musamman in ya karɓi kuɗin jama'a. Amma ko da wasan bai taɓa kammaluwa ba, zaɓin mai wasa bai tashi a banza ba, tunda an riga an yi shi, kuma mai shi ya san dalilin da ya sa ya yi.

Kammalawa

A taƙaice, mun yi ƙoƙarin nuna cewa wasan da ba a kammala ba yana raba niyya da sakamako ta yadda za a iya duban kowanne shi kaɗai, kuma faɗa bisa kiɗa yana tuna mana cewa sabo ma zaɓi ne da aka yi tun da farko. Gaskiyar Solon da ta masu karin magana tana nan game da yabo da kirari, waɗanda suka cancanci jiran ƙarshe. Amma alhaki yana hawa kan mutum ne tun ranar da ya aikata, ko an rubuta babi na bakwai ko ba a rubuta ba.