Hasbiyar Turai da Gonar Manomi: Sadaka ko Ɓarna?

Hasbiyar Turai 'yar'uwar hasbiyar ƙasar Hausa ce, amma ta fi ta girma, kuma duk cikin dangin tantabara na nahiyar Turai babu wadda ta kai ta. Tsawonta yakan kai santimita 40, nauyinta kuwa wajen rabin kilo. Jikinta toka-toka ne, ƙirjinta da ratsin ja, da farin tabo a kowane gefen wuya, da farin layi a fukafukai wanda ke bayyana idan ta tashi. Sheƙarta 'yan tsinke ne a kan reshe, ƙwai biyu farare take sakawa, mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci har kimanin kwana 17. Da wani farin ruwa mai kauri da ke fitowa daga maƙogwaronsu suke ciyar da 'ya'yan.

Wajen cin abinci ne take karo da mutum. Garke guda kan sauka a gonar alkama ko kabeji ya yi mata kaca-kaca, shi ya sa a Ingila doka ta yarda a harbe ta don kare amfanin gona. A kudu maso yammacin Faransa kuma tare ta ake yi da kaka, lokacin da take ƙetare duwatsun Firanis zuwa Sifaniya.

To, abin da ta ci, asara ce ko lada? Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa duk abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta sanya tsuntsaye cikin al'ummomi irin na mutane, aya ta 6 ta Suratu Hud kuma ta jingina arzikin kowace dabba ga Allah. Ke nan hasbiyar ba ɓarauniya ba ce, rabonta ta zo ci. Sai dai ladan da aka yi wa manomi alkawari bai ɗaure masa hannu ba, domin ƙa'ida ce a fikihu cewa cuta gusar da ita ake yi, naman tsuntsuwar kuma halal ne. Inda malamai suka ja layi shi ne niyya. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukanmu, ta karhanta farauta don wasa, ta halatta wadda ba wasa ba.

Wurin da lamarin ya fi wuya shi ne lokaci. A Ingila hayayyafarta ta fi yawa a ƙarshen bazararsu, daidai da nunar alkama, wato sa'ad da manomi ke jin haushinta. Idan aka harbe iyaye a lokacin, yunwa ce za ta kashe 'ya'yan a sheƙa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci sahabban da suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta su mayar mata da su. Don haka kora da raga da mutum-mutumi su ne gaba, harbi sai idan waɗannan sun gaza.