Shin Ya Halatta Ma'aikaci Ya Zille Wa Bashin Karatu?

Dokar bashin karatu ta 2024 a Nijeriya ta tanadi cire abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 na albashin mai bashi ba, shekara biyu bayan bautar ƙasa. Wani ma'aikacin gwamnati kan ce kuɗin hukuma ba na kowa ba ne. Wannan ruɗin kai ne, domin baitulmali haƙƙin jama'a ne, kuma abin da ya mayar shi za a ranta wa ɗalibin gobe. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan bashi take. Wanda ke cikin ƙunci, shari'a ta yarje masa jinkiri, sai ya nema a fili. Mai hali kuwa, in ya zille, na bayansa ya zalunta. Allah Ya kiyashe.