A Gyara Ko A Yar?

Garin Kaoje yana cikin ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, a ƙetaren Kogin Kwara, ba nisa da iyakar Jamhuriyar Benin. Mutanensa manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Tun da yake ta wajen Tsamiya ake shiga ƙasar Segbana, kayan ƙetare ba baƙi ba ne gare su. Cikin kayan da suka yi yayi a shekarun baya har da akwatin nan mai cin faifai, wanda ake kira sidi. Da yawansu 'yan Kwatano ne, watau waɗanda suka gama aiki a gidan wani a wata ƙasa, kana suka zo nan suka soma sabuwar rayuwa. Kamfanonin Sony da Philips ne suka haɗa kai suka ƙago faifan, aka fara sayar da akwatinsa a Japan cikin 1982. Faɗin faifan santimita 12 ne, yana kuwa ɗaukar magana ko karatu na minti 74 zuwa 80. Yanzu wayar hannu da memori sun ture shi, har yara da yawa ba su san yadda ake sa shi ba.

To, a ɗauki misalin wani magidanci a garin nan, wanda mahaifinsa ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Tsohon yana da irin akwatin nan kusa da shimfiɗarsa, da faya-fayai na karatun Alƙur'ani, da guda biyu ko uku na waƙoƙin Narambaɗa waɗanda ba ya so a san yana saurare. Bai san sunan kome a jikin akwatin ba, amma yatsansa ya san madanni biyu, ɗaya na fito da tire, ɗaya na soma karatu. Ran nan ya danna, sai akwatin ya yi gurnani kamar mai shirin tashi, tire kuwa ya ƙi fitowa. Ya sake dannawa, haka. Faifan da ya fi so yana ciki.

Ƙanen magidancin ya ce, "Yaya, wannan ai zamaninsa ya wuce. A yar da shi, in sa wa Baba karatun a waya."

Tsohon ya ce, "Ku bar shi, kada ku wahala sabili da ni." Ya juya fuskarsa wajen bango.

Maganar ƙanen nan ba ta wauta ba ce, bai kamata kuma a raina ta ba. Gaskiya ne zamanin akwatin ya wuce. Gaskiya ne memori ɗaya wanda bai kai farce ba yana ɗauke abin da faifai ɗari ba su ɗauka. Amma akwai abu guda da ya tsallake. Ya yanke wa akwatin hukunci alhali bai san laifinsa ba. Alƙalin kirki ba ya yanke shari'a sai ya ji ta bakin mai ƙara da wanda aka yi ƙara, ya nemi shaidu. Wanda ya yi hukunci bai bincika ba, ko da ya dace da gaskiya, ba a kiransa adali, sa'a ce ya taka. Haka yake ga mai kaya da kayansa. Kafin mutum ya ce abu ya mutu, ya wajaba ya san abin da ya kashe shi.

Laifin akwatin nan kuwa, in an bincika, sau da yawa ƙarami ne ƙwarai. Tiren ba da kansa yake tafiya ba. Akwai wani ɗan inji a ciki, bai fi kan babban yatsa ba. In an danna madanni sai ya juya, ya ja wani siririn bel na roba, bel ɗin ya juya wata ƙafa mai haƙora, haƙoran nan su kama waɗansu haƙora da ke jere a ƙarƙashin tire, su tura shi waje. Bayan wannan akwai maganaɗisu wanda ke danne faifai daga sama don kada ya yi rawa sa'ad da yake juyawa. Kafin tire ya fito, tilas ne a raba faifai da maganaɗisun nan, wannan kuwa shi ne aikin da ya fi neman ƙarfi. To, roba ba ta son zafi, ba ta son tsufa. Bazara ta bi ta kanta shekara da shekaru, sai ta saki, ta yi santsi. Ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da giris ɗin da aka shafa tun a ma'aikata, su zama kamar ƙaro. Inji yana juyawa, bel yana zamewa, tire yana zaune. Gurnanin da tsohon ya ji ke nan. Watau idon da ke karanta faifai lafiyarsa lau, abin da ke fitar da murya lafiyarsa lau, roba ce wadda ba ta kai awarwaron jariri ba ta tsai da dukan akwatin. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Mai karatu ya lura da abin da za a yar in an bi shawarar ƙanen: ƙarfe, da tagulla, da gilashi, da aikin mutane masu yawa waɗanda ba a san su ba, da kuɗin gero ko na ɗan maraƙi da aka sayar aka saye shi, duk sabili da robar nan. Alƙur'ani ya yi hani ga almubazzaranci cikin Suratul Isra'i, ya kuma tsananta a kan masu yinsa. Mutane sun saba ɗaukar almubazzaranci a kan mai watsa kuɗi wajen biki kaɗai. Amma wanda ya jefar da abu mai sauran amfani don ƙyuyar dubawa, shi ma dukiya ya watsar, sai dai tasa ba a yi mata kiɗa ba.

Mutanen dā ba su bukaci a gaya musu wannan ba. In ƙwaryar nono ta tsage, Bafillatana ba ta jefar da ita, sai ta jira gyartai ya zo ya huda gefe da gefe ya ɗinke. Ƙwarya mai ɗinki ba abin kunya ba ce a kasuwa. Fartanya ta dakushe a kai wa maƙeri, takalmi ya tsinke a kai wa baduku. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne suna ganin laifin da idonsu. Tsagar ƙwarya ba ta ɓuya. Kayan zamani kuwa a rufe suke zuwa, an ɗaure su da noti, an rubuta gargaɗi a bayansu da harshen da mai su ba ya ji. Daga nan tsoro ya shiga, mutum ya ɗauka abin da ke ciki sihiri ne wanda ya fi ƙarfinsa. Wanda ya yi yaƙi da jahilci har ya iya karanta takarda ya san irin tsoron nan, gama dā haka baƙaƙe suke gare shi, wani abu ne na malamai da ma'aikata, sai da ya zauna ya dube su ɗaya ɗaya.

Akwai kuma wani kuskure wanda ya fi na ƙanen muni, shi ne na mai gaggawa. Cikin gidan nan wani yaro ya ruga ya ɗauko wuƙa zai zura a bakin tire ya ɓanɓaro shi. Niyyarsa kyakkyawa ce, yana so ya faranta wa kakansa rai. Amma haƙoran nan na roba ne, in aka ja tire da ƙarfi alhali yana kulle, sai su kakkarye. Bel ana samunsa, haƙoran da suka karye kuwa da wuya a sami irinsu. Shi ne gyaran gangar Auzinawa. Mai yarwa da mai ɓanɓarewa, ko da yake ɗaya ya yi sanyi ɗaya ya yi zafi, cutarsu ɗaya ce, ba su duba ba.

Magidancin ya hana yaron. Ya bari sai da safe, da haske ya wadata. Ya zare wayar wuta tukuna, wannan kuwa ba abin wasa ba ne, domin a gefen da wuta ke shiga akwai waɗansu 'yan gwangwanaye da ke riƙe wuta ko bayan an zare, ba a taɓa su. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwance notin baya da na gefe, ya zuba su cikin murfin kwano don kada su ɓace, ya ɗaga murfin akwatin. Bai taɓa kome ba sai da ya daɗe yana kallo. Ya ga gidan zanzaro a lungu, ya cire. Ya ga ƙafar nan mai haƙora, ya juya ta da yatsa sannu sannu, sai ya ji ƙas, maganaɗisu ya saki, tire ya soma leƙowa. Ya ci gaba da juyawa har faifan ya fito. A nan ya ga bel ɗin, ya saki har yana lilo. Bai taɓa idon da ke karanta faifai ba, bai kuma kunna akwatin a buɗe ya leƙa cikinsa ba, domin haskensa yana iya cutar da idon mutum ko da ba a ganinsa.

Wani zai ce, to, ashe ke nan kome ya lalace tilas mutum ya gyara? A'a. Akwai mai tara tarkace, ɗakinsa cike da rediyon da ba ya magana da fitilar da ba ta kamawa, yana cewa wata rana zai gyara, ranar kuwa ba ta zuwa. Wannan ba tattali ba ne, rowa ce ta sake riga. Da magidancin ya buɗe ya tarar idon akwatin ya mutu, kuɗin sabon ido kuma ya fi kuɗin akwatin, da babu laifi ya ba mai gyaran rediyo shi ya ciri abin da zai cira. Abin da ake nema gare shi bincike ne, ba taurin kai ba. Kuma akwai lissafin lokaci. Manomin da ya bar noma a tsakiyar damina ya zauna kwana biyu kan akwatin waƙa, ya gyara ƙarami ya ɓata babba.

Har wa yau akwai maganar amana. Duk abin da aka faɗa a nan a kan kayan mutum na kansa ne, ko na wanda ya yardar masa. In akwatin na maƙwabci ne aka aro, tire ya maƙale a hannun mai aro, ba shi da ikon kwance noti ko ɗaya sai ya gaya wa mai shi. Sau nawa aka ga wanda ya buɗe kayan aro a ɓoye don ya rufe abin da ya faru, ya ƙara ɓatawa, ya mayar ya yi shiru! Wannan ba gyara ya yi niyya ba, ɓoye laifi ya yi niyya. Mutum yana da ikon koyo a kan kayansa, ba shi da ikon koyo a kan kayan wani.

Abin mamaki, ƙasashen da ke turo 'yan Kwatanon nan su ma sun soma waiwaye. Wani rahoto na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce cikin 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, wanda aka san an tattara an sarrafa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A Faransa, cikin 2021, aka soma tilasta wa masu sayar da waɗansu kaya, irin su wayar hannu da talabijin, su rubuta maki a jikinsu wanda ke nuna sauƙin gyaransu ko wuyarsa. Sai da doka suka koma ga abin da gyartai yake yi ba doka. Mutanen bakin iyaka kuma sun ga wani abu cikin watan Agusta na 2019, sa'ad da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa har fiye da shekara. Hanyar da kaya ke shigowa ba kullum take buɗe ba, ranar da ta toshe kuwa, abin da ke cikin gida shi ne abin da ake da shi.

Amma duk wannan bai kai nauyin tsohon da ya juya fuskarsa wajen bango ba. Ƙanen ya auna akwatin da farashinsa a kasuwa, ya ga bai kai kome ba, bai kuwa yi ƙarya ba. Abin da bai auna ba shi ne madannan nan biyu. Da su tsohon yake jin karatu sa'ad da ya so, da tsakar dare ko da hantsi, ba ya kiran kowa. In an sa masa a waya mai santsin fuska wadda yatsa ba ya jin kome a kanta, tilas kullum ya jira jika ya dawo daga makaranta, ya roƙe shi. Mutumin da ya ciyar da gida shekara hamsin ba ya son roƙo, sai ya gwammace ya haƙura, ya ce ba ya bukata. 'Ya'yansa kuma su ɗauka gaskiya ya faɗa. Darajar abu ba a bakin dillali kaɗai take ba, sai an tambayi hannun da ya saba da shi.

Magidancin ya share tsohon giris da tsinke da ƙyalle, ya goge inda bel ke zama. Ba shi da sabon bel, sai ya sa robar ɗaure kuɗi, ya san ba za ta daɗe ba, gama irinta tana narkewa da zafi. Ya naɗe tsohon bel ɗin cikin takarda ya sa aljihu, don ran kasuwa ya nuna wa mai gyaran rediyo ya ciro masa ɗan'uwansa, wanda ya ɗan fi shi matsewa, daga wani mataccen akwati. Ya mayar da murfi, ya ɗaure, ya sa wuta, ya kai wa mahaifinsa.

Ya ce, "Baba, danna mu gani."

Tsohon ya lalubo madannin, ya danna. Tire ya fito sannu sannu har ya taɓa masa yatsu. Ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka." Sa'an nan ya tambaya ko faifan nan na Narambaɗa yana nan, wai yana so ya ji ko bai karce ba.

Da magidancin ya koma naɗe ƙyallensa, sai ya tarar da noti ɗaya ya rage cikin murfin kwano. Ya juya akwatin ta kowane gefe bai ga raminsa ba, ya sa shi aljihu tare da bel ɗin, ya ce sai ran kasuwa.