Fuskar da Kyamara Ta Ƙi Nunawa

A shekarar 1976 kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin bidiyo na VHS. A wannan shekarar ce kuma Mustapha Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Siriya da ya yi karatun fim a Amurka, ya saki fim ɗinsa kan farkon Musulunci, wanda Larabawa ke kira Ar-Risala, Turawa kuma The Message. Babu wanda ya shirya wannan haɗuwa, amma kaset ɗin ne ya kai fim ɗin inda majigin silima bai taɓa shiga ba. A Kano ta wancan zamani, mutumin kirki ba ya son a gan shi a ƙofar Plaza ko El Dorado, balle matar aure. Da bidiyo ya shigo gida sai labari ya sauya. Ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, 'ya'yan maƙwabta su cika ƙofar ɗaki, tsohuwar da ke ce wa kallon fim aikin banza ita ma ta jawo kujerarta, tunda an ce na tarihin Annabi ne.

Awa uku ake yi ana kallo, in ba a ɗauke wuta ba. Daga baya da faifan CD ya kori kaset, sai an canja faifai har uku kafin a kai ƙarshe. Duk tsawon wannan lokaci ba a ganin wanda aka yi fim ɗin dominsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a kuma jin muryarsa. Ba a nuna matansa, ba a nuna halifofi huɗu. Ana ganin taguwarsa tana tafe cikin Madina har ta durƙusa inda za a gina masallaci. A Badar ana ganin takobin Zulfiƙari mai baki biyu ya leƙo daga gefen allo, mai takobin kuwa yana waje.

Akkad ya kai rubutun fim ɗin ga malaman Azhar sun duba sun amince, amma ƙungiyar Rabiɗa ta Makka ta ƙi. An fara ɗauka a Maroko, matsin lamba ya sa aka tattara kaya aka koma Libiya, inda Gaddafi ya ba da kuɗi da fili. Sau biyu aka ɗauki kowane fage, da 'yan wasan Larabci da na Ingilishi. Jita-jita kuwa ta riga fim ɗin fita, cewa wani Bature ne zai fito a matsayin Manzo. A watan Maris na 1977, ranar da aka fara nuna shi a Amurka, wasu mutane ƙarƙashin Hamaas Abdul Khaalis suka mamaye gine-gine uku a Washington, suka yi garkuwa da mutum 149, cikin buƙatunsu har da a dakatar da fim ɗin. An kashe wani ɗan jarida. Sai da jakadun Masar da Pakistan da Iran suka shiga tsakani.

Tambayar da ta rage ita ce: me ake tsoro a fuska? Ai littattafan Shama'il, irin na Tirmizi, sun siffanta Manzo dalla-dalla, gashinsa da tafiyarsa da murmushinsa, kuma masu bege a ƙasar Hausa sun daɗe suna rera waɗannan siffofi a daren Mauludi. In kalma ta halatta, me ya haramta hoto?

Amsar tana cikin fim ɗin kansa, a wurin da aka yi sassauci. An bar Sayyidina Hamza ya fito. A na Larabci Abdullahi Gais na Masar ne ya hau matsayin, a na Ingilishi kuma Anthony Quinn, haifaffen Meziko, wanda duniya ta sani da rawar da ya taka a Zorba the Greek. To, a tambayi duk wanda ya taso da wannan kaset ya rufe ido ya tuno Hamza a ranar Uhudu. Da wuya ya ga wani abu ban da gemun ɗan wasan da ya kalla da irin harararsa. Haka Bilal a ƙarƙashin dutse, haka Hindu da fushinta. Siffar da aka ji da kunne tana barin kowa ya gina tasa a zuci, mai rauni, mai canzawa, wadda mai ita ya san zato ce. Fuskar ɗan wasa kuwa in ta shiga, ta zauna daram, ta kori duk wata baƙuwa. Kaset ya ƙara wa abin ƙarfi, domin a silima sau ɗaya ake gani a tashi, a gida kuwa ana mayar da zare baya a sake kallon faɗan Badar sau goma, har hoton ya fara rawa, a ciro kaset a hura masa iska. Ga kuma ɗan wasa mutum ne mai neman abinci: gobe sai a gan shi a wani fim da kwalba a hannu, da fuskar nan dai. Hadisi a Buhari da Muslim ya nuna cewa Shaiɗan ba ya iya ɗaukar kamannin Manzo ko a mafarki. Ba abin mamaki ba ne malamai su ƙi miƙa wa mai kwalliyar 'yan wasa abin da aka hana Shaiɗan.

Sai dai dabarar da Akkad ya yi don kauce wa rami ta haƙa nata ramin, kuma ba a cika magana a kai ba. A wasu wurare kyamara ce ke tsayawa a matsayin Manzo. Hamza zai juyo ya dubi gilashinta ya yi magana, a yi shiru, ya gyaɗa kai kamar ya ji amsa. A ɗakin da ake kallo, wa yake duba? Yaron da ke zaune gaban talabijin da kwanon tuwo a cinya. An hana mai kallo ganin fuskar, amma an ba shi aron idanun. Wanne ya fi nauyi? Akwai hujjar cewa na biyun ya fi ƙarfin hali, ko da yake yawancin masu kallo ba haka suka ji shi ba. Abin da suka ji shi ne kwarjini: mazaje masu takubba sun sassauta murya a gaban abin da ba a gani, kiɗan Maurice Jarre ya yi ƙasa, ɗaki ya yi tsit, wani dattijo ya yi salati.

Iyakar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Me ya sa Hamza ya halatta, Aliyu bai halatta ba? Ba aya ce ta raba ba, ijtihadi ne na malaman wani zamani. A azumin 2012 tashar MBC ta nuna shirin Umar na darakta Hatim Ali, da fuskokin halifofi huɗu a fili, Azhar ta yi Allah wadai, jama'a kuma suka kalla. Iraniyawa sun yi dogon shirin Annabi Yusuf a 2008 da ɗan wasa a matsayin annabi, ya kuma zaga gidaje a faifai. Majid Majidi a 2015 ya nuna yarintar Manzo ta baya, da hannu da ƙafa, ban da fuska. Kowa da inda ya ja layinsa, amma a kan fuska ɗaya tak manyan masu fim na Sunna da na Shi'a suka tsaya cak.

Akkad, wanda kuɗinsa na gaske daga finafinan ban tsoro na Halloween suka fito, ya rasu a Nuwamban 2005 sakamakon harin bam a wani otal a Amman, tare da 'yarsa Rima. A 2016 kamfanin Funai ya ƙera na'urar kaset ɗin VHS ta ƙarshe. Shekara biyu bayan haka, da Saudiyya ta sake buɗe gidajen silima, aka nuna Ar-Risala a can a karon farko, lokacin ƙaramar salla, a kwafin da ɗansa Malik ya sa aka wanke aka gyara. Masu kallo a Riyad sun ga ƙurar Badar tar, wadda a kaset hazo ce kawai, sun kuma ga bakin Zulfiƙari yana walƙiya a gefen allo.