Kifin Uke, Kifin Busan: Shin Yawon Ƙarshen Mako Wargi Ne?

Daga Abuja zuwa Uke ba wata doguwar tafiya ba ce. In mutum ya tsallake cunkoson Nyanya da Mararaba, ya wuce Masaka, kafin ya kai Keffi zai tarar da garin a bakin titi, cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Kifi ne ya fito da sunan Uke. Ranakun Asabar da Lahadi ma'aikatan Abuja kan ja aboki su nufi rumfunan garin, a zaɓi tarwaɗa, a gasa ta da yaji, a ci, a juyo gida kafin dare.

Wanda ya fita haka, ba fatauci ba, ba neman ilimi ba, ba zumunci ba, mene ne matsayin tafiyarsa a addini?

Fikihun Malikiyya ya taɓo maganar ta ƙofar sallar kasaru. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban zaure ke kamawa bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta ajiye iyakar kasaru a mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai. Keffi kanta ba ta kai wannan nisa daga Abuja ba, balle Uke, don haka mai cin kifi raka'a huɗu zai yi. Muhtasar na Shehu Halil kuma ya ƙara sharaɗi: sassaucin ba na wanda ya fita don saɓo ba ne, ba kuma na mai tafiyar wargi ba. Misalin da masu sharhi suka fi kawowa shi ne farauta don nishaɗi kawai. Hanafiyya ba su sa wannan sharaɗi ba. A wurinsu in nisa ya cika, matafiyi matafiyi ne.

A ce yanzu wasu ɗalibai Hausawa biyu da ke karatu a Seoul sun hau jirgin ƙasa na KTX da sassafe zuwa Busan, birni na biyu a girma a Koriya ta Kudu, kuma babbar tashar jiragen ruwanta. Nisan ya haura kilomita 300, amma jirgin ba ya cika awa uku. Nisa dai ya cika. Saura tambayar Halil: wargi suka fito?

Abin da za su gani ya sa amsar ba ta da sauƙi. Za su ci kifi a kasuwar Jagalchi, su hau unguwar Gamcheon mai gidaje kala-kala a jikin tsauni su ɗauki hoto. Amma waɗannan gidaje, yawancinsu mutanen da yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya ɗaiɗaita ne suka fara gina su, lokacin da Busan ta zama mafaka kuma babban birni na wucin gadi. A birnin ne maƙabartar Majalisar Ɗinkin Duniya take, inda sojojin Turkiyya sama da 400 ke kwance. Limaman rundunar Turkawan ne suka fara karantar da Koriyawa Musulunci a wancan zamani, kuma masallacin Al-Fatah da aka buɗe a Busan a 1980, inda ɗaliban za su yi Azahar, 'ya'yan wannan dashe ne. Mutum biyu na iya bin titi ɗaya, ɗaya ya koma da hotuna, ɗaya ya koma da tunanin yadda mutuwa a ƙasar wasu ta haifar da masallaci.

Alƙur'ani ya maimaita kiran a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u kan ladubban tafiya. Ya sa kallon ayoyin Allah a tsaunuka da tekuna cikin tafiyar neman ilimi, sannan ya caccaki masu gararamba da sunan sufanci.

Sai dai ba dole ba ne a yi wa kowane kifi rawani. Wanda ya yi kwana biyar yana fita kafin Asuba don gudun cunkoson Mararaba ba ya bukatar ya ƙirƙiro darasi kafin hutunsa ya halatta. Hatsarin Uke ba daɗin tarwaɗa ba ne. Yana rumfar da ake sayar da bammi, yana kuma La'asar da hira ke cinyewa. A nan ne abokin tafiya yake da nauyi, don shi ne zai ce, "Malam, mu koma waccan rumfar," ko "Tashi, an kira salla."

Wani lokaci kuma aikin aboki shi ne ya tilasta hutun. Buhari ya ruwaito ziyarar da Salmanul Farisi ya kai wa Abu Darda'i, wanda Annabi (SAW) ya ƙulla musu 'yan'uwantaka. Salman ya tarar da shi ya duƙufa azumin nafila da tsayuwar dare har ya manta da iyalinsa. Ya ƙi taɓa abinci sai mai gida ya ci, ya sa shi ya kwanta har ƙarshen dare, sannan suka tashi suka yi salla tare. Ya nuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai na kansa da na iyali. Da Abu Darda'i ya kai maganar gaban Annabi (SAW), sai aka ba Salman gaskiya.